Ruwan da Arzika Ya Kawo a Kwari

A zamanin da ayari ke keta Sahara har Tarabulus, an yi wani maharbi a ƙasar Zamfara mai suna Arzika. Shi ake yi wa kirari da na Dela mai baƙin dafi, ɓauna ta ji warinka ta bar kiwo. Ya bi fatake yana yi musu rakiya, ƙaddara ta ja shi har ya shiga jirgin ruwa a Bahar Rum. Jirgi ya fashe, igiyar ruwa ta jefo shi wani ɗan tsibiri mai duwatsu, daga shi sai bakansa da kwarin kibansa.

Masuntan tsibirin ba su so shi ba. Sun ga ya gwada kibiya a kan wani mahaukacin kare, kare bai ƙara taku ba, daga nan uwa ta riƙa janye ɗanta in ya gifta. Wata makauniyar tsohuwa ce, Mabruka, ta ba shi ɗaki. Ta koya masa cin zaitun, yana ci yana yamutsa fuska tana dariya, har ya koma kiranta Inna.

Sai fari ya zo. Rijiyoyi suka koma gishiri, ɓaure ya bushe a kan itace. Hamuda, shugaban masunta, ya ce kowa ya ɗaure kayansa a bar tsibirin. Mabruka ta ce ita kam ba inda za ta, mijinta da 'ya'yanta a nan suke kwance. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, tsohuwa ta kafe. Kowa ya san in jirage suka tashi ƙishirwa ce za ta kashe ta, Arzika kuwa abin ya hana shi sukuni.

Hamuda ya aike shi dutse ya harbo musu akuyar daji ta guzuri. Ya hau, ya samu wani tsohon bunsuru, ya ɗana kibiya. Har ya ja, sai ya ga gemun dabbar yana ɗigar ruwa. Maharbin da ya tashi a daji ai ba ya ganin wannan ya wuce. Ya sauke baka ya bi sawu, ta kan duwatsun da ko biri sai ya yi tunani, har cikin wani kogo da ke fuskantar teku. An ce bunsurun yana tafe yana waiwayensa, in ya gaji ya jira shi. A ƙuryar kogon ruwa ke tsattsafowa, mai sanyi, babu gishiri ko kaɗan.

To, da me zai ɗebo? Ba gora, ba salka. Arzika ya zazzage kibansa cikin teku, dafin da ya gada daga kakansa ya tafi ke nan har abada. Ya dirje kwarin da yashi, ya wanke, ya sake wankewa, ya cika shi.

Da ya sauko ana ta loda jirage. Mutane suka ga ba nama, suka ga ruwa a cikin kwarin da suke tsoro, suka ja da baya. Ya kurɓa a gabansu, Hamuda ya ce ai mai dafi ba ya rasa makarinsa, wannan ba shaida ba ce. Arzika ya tsaya riƙe da kwari, hawaye na zubo masa, don ya rasa yadda zai yi da su.

Sai Mabruka ta lalubo ta miƙa hannu.

Ta ce, "Ba ni nan, ɗana. Tun da ka shigo gidana ban taɓa cin abin hannunka da tsoro ba."

Ta kafa kai ta sha. Kowa na jiran ta faɗi. Ta goge baki, ta ce wa Hamuda ya sauke mata tukwanen mutane daga jirgi, ya bar tsayuwa kamar turke.

Ba wanda ya bar tsibirin. Arzika bai sake harbi ba, bai kuma sake ganin Zamfara ba, a gefen Mabruka aka binne shi. Masu ba da labarin sun ce har yau baƙi a bakin teku suke tsayawa su ci gasasshen kifi su juya. Wanda ya daure ya hau ƙauyen da ke ƙarƙashin kogon, za a tarbe shi da cukun akuya da busasshen ɓaure, a kawo ruwa cikin doguwar gorar fata. Amma ba za a miƙa masa ba sai tsohuwar gidan ta fara sha.