Kalmar da Maigida Ya Canja

Akwai wani maigida a wani gari da ke gindin duwatsu. Dattijo ne a ikilisiyarsu, mutum mai tsoron Allah, amma tsoron ɓarayinsa ya kusa fin wancan yawa. Da ya yi ritaya sai ya gina gida a bakin gari, ya kewaye shi da doguwar katanga, ya shimfiɗa wayar lantarki a kanta, ya kafa ƙaton get na ƙarfe wanda ko ƙarti sun taru ba sa iya tura shi. Daga shi sai matarsa a ciki, gama 'ya'ya duk sun girma sun watse.

Babban ɗansa Gayus, wanda ke aiki a Abuja, ya zo hutu ya kafa musu wata na'ura a falo, ba ta fi gwangwanin madara girma ba. In aka ce mata ta kunna fitila, sai fitila ta kama. In aka ce ta buɗe get, sai get ya ja da baya shi kaɗai. Uwargida ta sa mata suna 'Yar-aike.

Gayus ya ce, "Baba, ka gane, ba ita ke yin aikin ba. Ita kunne ce da baki kawai. Muryarka take ɗauka, ta bi da ita ta wancan akwatin intanet da ke kan kabad, ta kai ta wani babban gidan kwamfutoci can nesa, wanda ake kira gajimare. Can ake fahimtar abin da ka ce, daga can kuma ake ba get umurni."

Uban ya ce, "In dai get zai buɗe, ko daga wata ake ba shi umurni ina ruwana?"

Har makullin hannu na get ɗin ya damƙa wa Gayus ya tafi da shi, wai kada ɓarawo ya same shi a cikin gida.

Bayan katangar akwai wani tsohon malamin makaranta, Malam Dogara, wanda matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya kuma tana aikin jinya a wata ƙasa. Uwargida ta tausaya masa, ta ba shi kalmar sirrin intanet ɗinsu, kamar yadda a da maƙwabciya kan ba maƙwabciya garwashi ta je ta hura wuta. Kowace yamma sai ya jingina kujerarsa da katangar, ya kira 'yarsa, su ga juna a waya.

Wata Lahadi bayan sujada, dattawa na tsaye suna hira, sai Malam Dogara ya ce cikin wasa, "Dattijo, katangar nan taka ai ta fi ta kurkuku. Laifin me ka yi da ka ɗaure kanka?" Kowa ya fashe da dariya. Maigida ma ya yi tasa, amma ta yaƙe ce. Ya koma gida yana ta juya maganar a ransa. Mutum yana shan intanet ɗinka kyauta, sannan ya mai da kai abin dariya a harabar coci? Gari na wayewa ya ɗauki wayarsa, ya canja kalmar sirrin, ya sa wata wadda shi kaɗai ya sani. Ya saka wa wayarsa sabuwar kalmar, ya ga tana aiki, hankalinsa ya kwanta. Bai gaya wa matarsa ba.

Damina ce, ciyawa ta yi tsawo. Da rana ta karkata, uwargida ta shiga lambun bayan ɗaki za ta tsinko yakuwa. Maigida na zaune a baranda ya ji ta ƙwalla ihu. Ya tarar da ita zaune a ƙasa ta riƙe idon sawunta, wani ɗan maciji mai zane-zane kuma yana sulalewa ƙarƙashin duwatsu. Ya gane shi nan take. Shi ne wanda mutanen wurin ke kira gobe-da-nisa, don wanda ya sara da wuya ya ga gobe.

"Baban Gayus, ka kai ni asibiti," in ji ta. "Ƙafar wuta take yi."

Ya ɗauke ta da ƙyar ya sa a bayan mota, ya tayar da inji, ya ruga ƙofar falo ya ce, "'Yar-aike, buɗe get!"

Na'urar ta yi ɗan haske, ta amsa da muryarta mai sanyi, "Yi haƙuri, na kasa samun haɗi. A sake gwadawa an jima."

An jima! Ya sake faɗa. Amsar ba ta canja ba. Ya ɗauka ba ta ji shi da kyau ba ne, ya matso ya daka mata tsawa. Ya sassauta murya ya lallashe ta, har da "don Allah". Ya gwada da Turanci, ko Hausarsa ce ta gundure ta. Duk abin da ya yi, sai ta ba shi haƙuri ta ce an jima. Ya fita ya sa kafaɗa a jikin get ya tura iya ƙarfinsa, ƙarfen ko gezau. Ya ɗaga kai ya dubi katangar da wayarta, ya ga lalle ya gina ta da kyau, ba mai shiga, ba mai fita. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi.

Ya ciro waya ya kira Gayus, ya gaya masa.

"Baba, ka natsu. Akwai wuta a gidan?"

"Akwai."

"Akwatin da ke kan kabad fa, fitilunsa kore ne?"

"Kore ne, dukansu."

"Zare na'urar daga soket ka mayar."

Ya zare, ya mayar, ya tsaya yana jira ta farfaɗo, yana jin nishin matarsa daga mota. Ta farfaɗo, ta ba shi haƙuri.

"To gajimare lafiya yake, don tawa a nan tana aiki. Matsalar daga gidanka take. Baba, wani ya taɓa kalmar sirri?"

Maigida ya juya ya kalli katanga.

"Baba!"

"Na canja ta da safe."

"Wayyo, Baba! Na'urar tsohuwar kalmar ta sani, da ita take ƙwanƙwasawa, akwatin yana korar ta. Shi ma get haka. Koya musu sabuwar zai ɗauki lokaci. Maza mai da tsohuwar, za su haɗu da kansu."

Amma maigida bai san tsohuwar ba. Bai taɓa rubuta ta da hannunsa ba, Gayus ne ya sa masa a waya tun farko. Gayus kuma ya ce Mama ce ta zaɓe ta, da wasu lambobi a ƙarshe, shi ya manta. Maigida ya leƙa mota ya kira matarsa. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, zufa ta jiƙe mata riga, idanunta a lumshe. Ya girgiza ta, ba ta amsa ba.

Saura mutum ɗaya a duniya da ya san kalmar, yana nan bayan katanga. Kuma ga abin da ya fi ba ni tsoro a wannan labari: maigida ya san haka, amma bai kira shi nan take ba. Ya koma falo ya gwada sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada sunan ƙauyensu. Ya sake zare soket. Matarsa tana mutuwa a mota, shi kuwa yana neman hanyar da ba sai ya buɗe baki ya ce shi ya yi ba. Sai da ya dawo ya ga jini yana tsattsafowa daga dasashinta, sannan ya tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ruga gindin katanga ya ɗaga murya, "Malam! Malam Dogara!"

"Na'am, Dattijo. Lafiya? Na ji kamar ihu ɗazu, na yi ta buga get ba a ji ni ba."

"Maciji ya sari Maman Gayus, get ya ƙi buɗewa. Ni na canja kalmar nan da safe don in hana ka. Ka yafe mini. Faɗa mini tsohuwar, don girman Allah!"

Malam Dogara bai tsaya tambaya ba. Ya karanto masa ita harafi bayan harafi, kamar yadda ya saba yi wa 'yan aji, maigida yana dannawa. Maigida ya koma ƙofar falo, muryarsa ta dushe, ya ce a buɗe get. Na'urar ta yi ɗan haske, sannan ƙarfe ya fara gunji yana ja da baya. Malam Dogara ya faɗa mota ya tallabi kan matar har asibiti.

Ta rayu. Amma dafin ya riga ya yi ɓarna, ƙafar ba ta sake komawa daidai ba. Likita ya ce da an kawo ta da wuri kaɗan, da ta taka da ƙafarta ta koma gida. Maigida kuwa shi kaɗai ya san inda wannan kaɗan ɗin ya tafi.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Na'urar nan ita ce addu'armu. Ba ta da ikon kanta, kai saƙo ne aikinta, kuma ikon yana wurin Wanda ake kai wa saƙon. A ranar nan babu abin da ya sami gajimare. Haka kuma kunnen Ubangiji bai taɓa toshewa ba, hannunsa bai gajarta ba. In an rasa haɗi, a fara dubawa daga cikin gida.

Kada wani ya fita ya ce na ce Allah inji ne. Allah yana ji ko ba waya, yana kuma jin ƙai inda ba mu cancanta ba. Amma shi da kansa ya gargaɗe mu cewa wanda ya ƙi yafe wa ɗan'uwansa kada ya sa ran addu'arsa za ta tafi sumul. Maigidan nan ya zaci maƙwabcinsa kaɗai ya yanke. Bai san hanyar da ta kai ga Malam Dogara ita ce hanyar da ta kai sama ba. Mu ma haka muke. Mukan daina gaida mutum, mu toshe lambarsa, mu canja wurin zama a coci, sannan mu durƙusa mu yi ta ɗaga murya, muna tsammani ƙarfin ihu ne ya rage. Mu ƙara azumi, mu canja fasto, mu gwada komai, ban da abu ɗayan da muka sani sarai.

Abin tsoron shi ne, daga safiya har yamma maigida bai san an yanke shi ba. Fitilu kore ne, gida tsit, yana zaune a baranda yana ganin komai daidai. Wataƙila akwai wanda ke zaune a nan yau a cikin irin wannan kwanciyar hankali. Kai ka san sunan mutumin da ka rufe wa ƙofa, ba sai na faɗa ba. Ka je wurinsa yau, tun bakinka yana iya cewa "ka yafe mini" ba tare da kuka ba. Gama jinkirin mai girman kai, sau da yawa ba shi ke biyan sa ba. Wanda ya fi ƙauna ne ke ɗingishi da shi har ƙarshen rai.