Mai Gyaran Agogo a Bencin Shaidu

An yi wani mutum a nan Unguwar Kanawa, mai gyaran agogo. Ba zan faɗi sunansa ba. Na ga wasu har sun miƙo wuya. To, ku gyara zama, ba za ku ji ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba, kuma ba ya wasa da salla. Abu ɗaya Allah ya jarrabe shi da shi: ba ya iya ganin abu a rufe ya wuce. In akawu ya kawo masa agogo don a canja maɗauri kawai, sai ya buɗe cikinsa ya leƙa. In ya hangi mutum biyu sun matsa gefe suna magana ƙasa-ƙasa, nan take zai tuna yana da buƙata a wajen. Matarsa Rahmatu takan ce ko tukunya ta rufe sai ya ɗaga murfi, alhali a gabansa aka sayo kayan miyar.

'Ya ɗaya gare su, Hasana. Husainarta ta rasu tun suna goye, kuma Allah bai ƙara ba su haihuwa ba. Ku riƙe yarinyar nan a ranku, don a kanta labarin zai ƙare.

Teburinsa yana ƙarƙashin wata bishiya, daura da wani ɗan ɗakin magani da ke tsakaninmu da Badarawa. Mai kula da ɗakin shi ne Malam Ja'afaru disfensa. Shi ke wanke gyambo, shi ke ba da ƙwaya, shi ke yin allura. Ita kanta Hasana, lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita, a hannunsa ta tashi da yardar Allah.

Wata rana wani magini, Zakari, ya taka ƙusa a wurin aiki. Ya je aka yi masa allura. Ba a jima ba cinyar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ya cika. Sai wansa Tijjani ya yi abin da ba mu saba gani ba. Ya kai ƙara. Ya ce ba ƙusa ta kashe ƙanensa ba, allura ce marar tsabta.

Wanda bai ga garin nan a lokacin ba, ba zai gane ba. Ko'ina ka zauna zancen ke nan. Tsofaffi a bakin masallaci suna tambayar juna, wai ana kai ƙarar ajali? In kwana ya ƙare, wa za a ɗaure? Akawuna kuwa cewa suke zamani ya zo, tunda ana zancen mulkin kai, dole mai allura ma ya amsa tambaya. Mata a bakin famfo kowace tana tuno allurar da aka taɓa yi wa ɗanta, wata ta ce ta warkar, wata ta ce tun daga ranar yaron yake ɗingishi. Wani mahauci ya ce shi abin da yake son sani ɗaya ne: Baturen majistare da bai taɓa ganin Zakari ba, ta yaya zai san abin da ya kashe shi? Wallahi tambaya ce mai kyau, ni ma na so in ji amsarta.

Shin Malam Ja'afaru ya yi sakaci, ko bai yi ba? Ban sani ba. Har yau ban sani ba. Mai gyaran agogo ma bai sani ba, don ranar da aka yi allurar yana Kawo wajen sunan ɗan abokinsa, teburinsa a rufe.

Ranar zama ta zo. Mutuminku ya bar aiki, ya hau keke, ya nufi kotu cikin gari. Ya tarar da jama'a maƙil a ƙarƙashin mangwaro. Wasu sun maƙale a taga, suna jin kalma ɗaya su juyo su ba na baya goma. Shi kuwa bai taɓa shiga kotun majistare ba. Yana son ya ga inda Bature yake zama. Yana son ya ga fuskar Malam Ja'afaru in an tsare shi da tambaya. An ce an kawo allurar da tukunyar da ake dafa ta, an ajiye a kan tebur, yana son ya gansu da idonsa. Abin ya hana shi tsayawa wuri ɗaya.

Ya kutsa har bakin ƙofa. Ɗan sanda ya tare shi da kulki, ya ce, "Ciki ya cika. Daga dangi sai shaidu."

Ya ce, "Ai ni shaida ne. Teburina yana kallon ɗakin maganin."

Ku ji fa. Rabin maganar gaskiya ce, teburin yana nan. A ransa cewa yake zai zauna a can ƙarshen benci, ya kalli abin da zai kalla, in an tashi ya sulale. Wa zai kula da shi?

Ashe Tijjani ba shi da ko mutum ɗaya da ya ga allurar da ido. Duk shaidunsa ji suka yi. Da ya ji an ce ga maƙwabcin ɗakin magani ya zo da kansa, sai ya kama hannunsa yana hawaye, yana cewa, "Allah ne ya kawo ka, ɗan uwa. Allah ne ya kawo ka."

Aka kira shi gaba. Aka tambaye shi ko yana da alwala, ya ce yana da ita. Aka miƙo masa Alƙur'ani.

Ya 'yan uwa, a nan ƙofa tana buɗe. Da ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga komai ba, kallo na zo," me zai faru? Za a yi masa tsawa, a kore shi, 'yan taga su yi masa dariya, unguwa ta tsokane shi na ɗan lokaci, shi ke nan. Amma ya waiga ya ga idanu a kansa, ya ji kotu ta yi tsit dominsa, shi da kullum yake leƙen zancen wasu. Kunyar mutane ta fi masa tsoron Allah nauyi. Ya ɗora hannu.

Abin da ya ji a bakin famfo da wurin mai shayi, shi ya haɗa ya mai da shi gani. Ya ce yana zaune ya hangi allurar ta faɗi ƙasa, Malam Ja'afaru ya ɗauka, ya goge a gefen rigarsa, ya soka wa Zakari. Tafinta ya juya wa Bature, Bature ya rubuta. Malam Ja'afaru ya juyo wajen mai gyaran agogo. Kallonsa kawai yake, irin kallon da mutum ke yi wa abin da ya kasa ganewa.

Ba a ɗaure Malam Ja'afaru ba, amma an raba shi da aikin. Aka kwashe magunguna, aka sa wa ɗakin kwaɗo, aka ce sai an samu wani disfensa. Ba a samu da wuri ba.

Mai gyaran agogo kuwa ya zama ɗan gari. Teburinsa bai taɓa cika haka ba, kuma ba agogo ake kawowa ba, labari ake zuwa ji. Yaya cikin kotun yake? Da gaske Baturen yana jin Hausa yana ɓoyewa? Shi kuma yana bayarwa, kullum da ɗan ƙari. A gida ma haka. Ya zaunar da Rahmatu ya kwatanta mata yadda allurar ta faɗi, yadda aka goge ta, har da nuna gefen riga. Ta rungume Hasana ta ce, "Ashe bakin kabari muka kai ta. In ina da rai ba mai ƙara soka wa 'yata ƙarfe." Ya ji, ya bar ta a haka. Me zai ce?

Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo unguwa. Kun san shi, ba sai na faɗa muku ba. Wata safiya Hasana ta tashi da ciwon kai, jiki kamar garwashi. Kafin hantsi wuyanta ya sandare.

Uban ya san ciwon, ya kuma san masu kai nasu asibiti da wuri suna samun sauƙi. Ya ce wa matarsa ta shirya yarinyar a tafi babban asibiti. Ta ce, "Can ma allura za su yi mata."

Ya ce, "Allurar ce maganin."

Ta ce, "Kai da ka gani da idonka?"

Sai ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Rahmatu, ban ga komai ba. Ranar ina Kawo. Ƙarya na yi don in samu wurin zama."

Ta dube shi. Ta ce, "Malam, na san ka. Kana da surutu, kana da shisshigi, amma ba za ka dafa littafin Allah ka yi ƙarya ba. Yanzu ne kake yi mini ƙarya don in yarda. Tsoro ne ya ruɗa ka."

Kun ji? Kyakkyawan zaton da take yi masa shi ya toshe mata kunne. Ya rantse, ta ce ai wancan rantsuwar ta fi wannan girma.

Ya ga ba ta da niyyar sakin yarinyar, kuma in ya fizge ta mata za su taru. Sai ya yi tunanin in ta ji daga bakin Malam Ja'afaru, wanda ya taɓa tashin Hasana daga ƙyanda, ko za ta sauko. Ya hau keke ya nufi gidan Malam Ja'afaru a Badarawa. Ya same shi a zaure yana ɗinkin hula, sana'ar da ya koma ke nan. Ya zube ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Ja'afaru ya ajiye hular. Ya ce, "Ba ni da allura, ba ni da ko ƙwaya ɗaya, an kwashe. Amma tashi mu je, na san wanda za mu gani a asibiti. Wannan ciwon ba ya jira." Yana neman takalminsa sai ya tsaya, ya ce, "Na daɗe ina son in tambaye ka. Ranar nan, a ina ka tsaya ka gan ni? Na yi ta tunani, har na fara zargin kaina ko na yi ne na manta."

Ya ce, "Ban tsaya ko'ina ba."

Malam Ja'afaru ya ce, "To, alhamdulillahi." Ya sa takalminsa. Suka kama hanya.

Suka iso gida, suka tarar da ɗaki a buɗe, ba uwa ba 'ya. Maƙwabta suka ce Rahmatu ta goya Hasana, sun taimaka mata ta hau motar itace mai zuwa hanyar Zariya, za ta kai ta Katabu wajen mahaifiyarta a yi maganin gida. Wata tsohuwa har tana yi masa albishir: "Kwantar da hankalinka, mun tserar da ita kafin masu allura su ji labari. Ai kai ka buɗe mana ido."

Suka bi ta a kan keke ɗaya, cikin ranar nan ta bazara. Da suka isa Katabu yarinyar ba ta gane kowa. Malam Ja'afaru ya taɓa ta, ya ɗaga fatar idonta, ya koma gefe ya zauna. Kafin a samu motar komowa gari, Hasana ta cika a cinyar uwarta.

Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Da an kai ta asibiti, za ta tashi? Allah kaɗai ya sani. Amma uban zai kwana ya tashi da wannan tambayar har ya mutu, kuma ba murfin da zai ɗaga ya ga amsa.

Bayan an share makoki ya shiga bin mutane yana cewa ƙarya ya yi. Ya je wurin Tijjani, Tijjani ya ce an saye shi ne. Ya faɗa a bakin masallaci, aka ce baƙin ciki ya taɓa masa kai, a yi masa addu'a. Rahmatu ce kaɗai daga baya ta yarda, kuma ranar da ta yarda, ranar ta bar gidan. Teburin agogo ya mutu, don ba mai ba taɓaɓɓe agogonsa.

Daga ƙarshe ya taka da ƙafa har kotun, don keken ma ya rabu da shi. Ya ce a bar shi ya shiga ya warware abin da ya faɗa. Ɗan sandan ƙofa ya tambaye shi ko yana da shari'a yau. Ya ce a'a. Ko shi shaida ne? Wannan karon ya girgiza kai. Ɗan sandan ya ce, "To matsa, Baba, kana tare hanya."

Ya 'yan uwa, malamai sun gaya mana shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ana ambatonta kusa da shirka. Sun kuma gaya mana kunne da ido da zuciya duk za a tambaye su. Amma ku lura, mutumin nan bai fito gida da niyyar shaidar zur ba. Kallo ya je. Bai ƙi Malam Ja'afaru ba, bai san Zakari ba. Son ganin abin da bai shafe shi ba ya kai shi ƙofa, ƙaramar ƙarya ta shigar da shi, kunyar mutane ta hana shi fita.

Son sani ba laifi ba ne. Tijjani yana da haƙƙin ya tambayi abin da ya kashe ƙanensa, kuma mai riƙe da allura dole ya amsa in an tambaye shi, don rai ne a hannunsa. Amma in ka ji, ka ce ji na yi. In ba ka gani ba, ka ce ban gani ba. Mu nawa ne a nan muke cewa "wallahi a gabana aka yi," alhali a wurin mai shayi muka tsinta? Ka san wanda zai ɗauki maganarka ya yi aiki da ita? Wataƙila tana cikin gidanka, tana goye da ɗanka.

Na san in an tashi wani zai ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah wane ne?" In ka ji wannan ƙaiƙayin a ranka, ka tuna shi ne ya ɗora mutumin nan a kan keke da safiyar nan. Ka yi masa addu'a, ka wuce gida.

Allah ya jiƙan Hasana da Zakari. Allah ya saka wa wanda aka zalunta, ya karɓi tuban wanda ya yi zaluncin. Allah ya tsare mana harsunanmu daga faɗin abin da idanunmu ba su gani ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin bakunanmu. Amin.