Huda Ɗaya a Bel ɗin Saje Kura

An yi wata Akuya mai suyar waina a bakin ofishin 'yan sandan daji. Mijinta ya rasu ya bar mata tanda ɗaya tak. Tandar nan ta ɓace ta dawo, amma girman da take taƙama da shi a kasuwa bai dawo ba. Ga yadda aka yi.

Kullum Saje Kura yana kan bencinta yana ci, har tumbinsa ya sauko kan gwiwa.

Wata rana Sufeto Barewa ta kafa doka: duk ɗan sandan da bel ɗinsa bai ɗauru ba, ya ajiye kaki har sai ya rage teɓa.

Kura ya zo yana gumi. "Iya, rufa min asiri. Gasa ƙusa ki ƙara min huda ɗaya a bel ɗina."

"Ni kuma in samu me?"

"Zan riƙa leƙo ki."

"Leƙe ba ya korar ɓarawo. Gadin rumfata, safe da yamma."

"Da safe dai, Iya."

"To kwashi tumbinka ka ba ni wuri."

Dole ya yarda. Ta huda, bel ya ɗauru, Kura ya tsallake dubawar Sufeto. Akuya ta shiga faɗa wa maƙwabta cewa duk kasuwar nan ita kaɗai ke da saje nata na kanta.

Kwana uku aka yi, wani Biri ɓarawo ya fizge tandar ya zuba da gudu.

"Saje, bi shi mana!"

Kura ya yi taku bakwai, ya durƙusa yana haki, bel ya tsinke daidai sabuwar hudar. Barewa ce ta kamo Biri ta dawo da tandar.

Ta ɗauki bel ɗin ta sansana. "Iya, wannan hudar ƙanshin man waina take yi."

Akuya ta sunkuyar da kai.

"Ba ki tandarki zan yi," in ji Barewa, "amma sai kin faɗi abin da kika aikata a gaban kasuwa."

"Ranki ya daɗe, in faɗa miki ke kaɗai."

"A gaban kasuwa."

"To a cikin ofis, ƙofa a rufe."

Barewa ta juya za ta tafi da tandar a hannu. Akuya ta dubi bakin tandar, inda mijinta ya taɓa liƙe wata tsaga.

"Tsaya," ta ce a hankali. "Na yarda. A gaban kasuwa." Haka ta tona asirin kanta a gaban jama'a, aka miƙa mata tandarta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwajin ƙarfin da ake yi wa ɗan sanda don kai ake yin sa. Ka taya shi kauce masa, ranar da ɓarawo ya zo kai ne za ka tsaya kana kallo. Har yau in an tambayi Akuya nawa ta fanshi tandarta, sai ta kawar da kai ta ce, "Da mutuncina, kuma ba a yi min ragi ba."