Ƙofar da Ba a Rufe wa Mai Magana

Ku gyara zama, ga wata shari'a da ta gagari dattawan Rafin Gauɗe.

Isyaku tela ne, bai san komai game da kwamfuta ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba. Ranar da naƙuda ta kama matarsa Hansatu, ruwa ya kwana ya wuni, rafi ya cinye gada, mota ba ta shiga ba ta fita. A ɗan asibitin garin babu likita, sai ungozoma. Da ta ga ɗan ya zo a karkace, sai ta kira wata likita a birni ta na'urar da ake ganin juna, don wayar murya ba ta isa ba, sai likita ta gani da idonta. Isyaku yana tsaye a baranda yana jin muryarta ta taga. Can sai muryar ta fara tsinkewa.

Ashe wasu ɓata-gari ne daga nesa suka yi wa layin intanet na asibitin rubdugu da saƙonnin banza, suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, har maganar likita ta rasa hanyar wucewa. Mata uku ke kula da layin, ƙawaye tun makaranta: Rakiya, Balaraba da Saratu.

Rakiya ba ta ma ƙasar, tana biki a Damagaram, wayarta a kashe. Amma tun rani ita ta rubuta umarnin da katangar tsaron layin, wato na'urar da ke tantance masu shiga da fita, za ta bi ranar tashin hankali. Katangar daga sama take karanta umarni, wanda ta fara tararwa shi take bi. Sai Rakiya ta sa wannan a kan gaba: duk zancen da aka riga aka ƙulla, a bar shi ya ci gaba, sauran kuwa a rufe. Balaraba ta yi mata tsiya a lokacin, ta ce, "Ke dai, har na'ura sai kin koya mata kara?" Rakiya ta ce, "A gidanmu ko hadari ya taso, Baba ba ya bari a tura ƙyaure sai mai sallama ya gama gaisuwa."

Balaraba tana birni, ita ta hango farmakin a allonta. Babu lokacin tantance baƙon kirki da na banza. Abin da ya rage shi ne a rufe ƙofofi gaba ɗaya, na shiga da na fita, kuma ba a taɓa gwada umarnin da rai a tsakani ba. In akwai kuskure a ciki, da hannunta za ta yanke muryar likita. Ta yi bisimilla ta danna. Nan take murya ta washe, Isyaku ya ji likita tana cewa, "Yauwa, juya hannunki a hankali." Ba a jima ba layin Balaraba ya katse, da ta sake ƙwanƙwasawa katangar ta hana ta shiga, don yanzu ita ma baƙuwa ce. Sai ta kira Saratu a waya ta ce, "Kada na'urar katangar nan ta mutu ko na ƙiftawar ido. In ta mutu za ta manta da waɗanda ke ciki, likita ma ba za ta iya dawowa ba."

Saratu ce ke asibitin. Ta duba batiran sola ta ga suna gargara, don rana ba ta leƙo ba. Ta fito da gudu ta ce wa Isyaku, "Malam, babur ɗinka ne wancan? Ciro mini batirinsa!" Isyaku ya ciro ya kai mata ciki. Ta feɗe wayar wuta da haƙori, ta nemi abin matsewa ta rasa, sai ta durƙusa ta danne wayoyin da yatsunta kafin wutar sola ta ɗauke. Isyaku ya rungume batirin a cinya kamar jariri. Haka suka zauna, ba mai motsi. Ƙuda ya sauka a fuskarta, shi ya kore mata. Da kukan jaririya ya tashi, aka ce ta saki, yatsun suka ƙi buɗewa, sai da uwar Isyaku ta yi ta mulke su da man kaɗe tana sa mata albarka.

Uwa ta tashi, 'ya ta rayu. Hansatu ta ce wa mijinta, "Sunan wadda ta cece mu za a sa mata."

Isyaku ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Rakiya ta yi dariya ta ce ita tana can tana cin tuwon biki, a ba Balaraba. Balaraba ta ce maɓalli kawai ta danna, har ta kulle kanta a waje, a ba Saratu. Saratu ta kalli yatsunta ta ce ita igiya ta riƙe, amma ba ita ta tufka ta ba.

Ya dawo gida ya zauna gaban kekensa, ya kasa ɗinki. Da babu umarnin Rakiya, rufe ƙofa ya yanke likita. Da Balaraba ba ta rufe ba, hayaniya ta binne muryar. Da Saratu ta ɗaga yatsa, aikin su biyun ya tafi a banza. Ga rago a ɗaure, ga goro an raba, liman ya tanƙwashe ƙafa yana jira, jaririya kuwa ɗaya ce.

To jama'a, ku da kuka ji: sunan wa Isyaku zai raɗa wa 'yarsa?