Giɓin Barmo

Tun zamanin da mahara ke kwasar mutane kamar kaji, an yi wani maharbi, sunansa Barmo. Barmo ɗan Tabawa, kibiya ɗaya, ba a sake harbi! An ce ɓauna in ta hango inuwarsa durƙusawa take yi. Shi ya tattara gidaje arba'in da yaƙi ya tarwatsa, ya sauke su a bakin wani rafi mai jar ƙasa. Ruwa akwai, nama akwai, ganuwa ce babu. Ga shi labari ya zo cewa mahara na tafe kafin wata ya mutu.

Magininsu wani tsoho ne, Nomau. Ya ce gini iri-iri ne. Akwai jan bulo da mutanen gabas ke gasawa a wuta, amma shi sai an yi watanni ana saran itace. Akwai na dutse da laka, dutse kuwa babu shi a wurin. Saura tubali: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula, a shanya har mako biyu, sannan a jera shi gindi ƙasa kai sama, sahu biyu a yini, a bar shi ya sha iska.

Barmo mutum ne da ya saba in ya gani ya harba. Ya ce a fara jeri bayan kwana uku.

"Ɗana, bayansa ne ya bushe, cikinsa ɗanye ne," in ji Nomau.

"Baba, mahara ba za su jira cikinsa ba."

Duka biyun gaskiya suka faɗa, abin takaicin ke nan. Aka bi ta Barmo. Cikin kwana ashirin ganuwa ta kai tsayin mutum uku, aka yi ta guɗa.

Ranar da ƙurar mahara ta ɓullo da hantsi, Barmo ya tara mata da yara da tsofaffi a gindin bangon gabas, inda kibiya ba ta isa. Shi da maza sittin suka hau kan ganuwa riƙe da baka. Ko harbi ɗaya ba a yi ba. Bango ya yi nishi, ya zube ta ciki. A ƙarƙashinsa akwai Tabawa mahaifiyar Barmo, da matarsa, da Nomau, da wasu da yawa. Mahara suka ja linzami suna kallon maza na tonon laka da hannu, sannan suka juya, don babu abin da za su ƙara.

Barmo bai sake taɓa baka ba. Baƙin ciki ya cinye shi tun yana tsaye, ya koma mai kwaɓa ƙasa da shanyar tubali. Shekara bakwai aka yi ana sake ganuwar. Da aiki ya zagayo gabas, magina suka zo da kwaɓi, ya tare su.

"Ku tsallake nan," ya ce. "A nan na riga na yi nawa ginin."

Garin na nan har yau, da ganuwarsa. Ta gabas akwai giɓi taku sittin, ana ce masa Giɓin Barmo. Ba a gini a wurin, ba a shuka, ko akuya ba a ɗaurewa.