Idon Nazifi da Malamai Uku

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna, don na san halinku, ana tsakiyar magana kowa ya riga ya zaɓi gwaninsa.

A Funtuwa akwai wani bakaniken babur, Tanimu, garejinsa a ƙofar gidansa. Yana da ɗa ɗaya, Nazifi, mai shekara shida, wanda Allah ya yi shi da lalurar galahanga. Yaron yana ji, yana gani, yana gudu kamar kowa, amma bai taɓa furta kalma ba. Da wannan Tanimu ya daɗe da yin haƙuri. Abin da ya tayar masa da hankali wani hali ne da yaron ya ɗauka: sai ya dunƙule hannu ya yi ta naushin gefen idonsa na dama, har wurin ya kumbura ya yi baƙi. Likitan ido ya duba, ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Idon nan ya fara taɓuwa daga ciki. In dukan nan ya ƙara wata uku, zai rasa shi, kuma ba ni da abin da zai dawo da shi."

An yi tofi, an sha rubutu, an ɗaure hannun da zane, sai yaron ya koma buga fuskar a bango. Daga ƙarshe aka kwatanta wa Tanimu wata 'yar cibiya da ake koyar da yara irin nasa. Babbar malamar wurin ta tsara aikin, ta damƙa shi ga ma'aikatanta uku: Saude, Murja da Hansatu.

Saude ce ta fara zuwa gidan, da littafi da biro. Ta nemi kujera 'yar tsuguno ta zauna a lungu. Kwana tara tana zaune. In yaron ya tashi duka ta tare hannun, in ya lafa ta koma ta yi rubutu. Tanimu yana leƙowa daga gareji yana ƙunƙuni, wai wannan aiki aka turo ta ko kallo? Kowane shafi ta raba shi gida uku: abin da ya faru kafin dukan, dukan kansa, da abin da ya biyo bayansa. Rana ta goma ta kira Tanimu zaure.

Ta ce, "Baban Nazifi, ɗanka ba hauka yake yi ba, magana yake yi. Sau arba'in da ɗaya na ƙirga ya naushi idon. A talatin da shida, ɗakin cike yake da 'yan dubiya. A talatin da takwas kuma, kai ne ka yar da sifana ka shigo da gudu, ka ɗora shi a babur kuka zaga gari."

Tanimu ya ɓata rai. "To Malama, laifi ne in lallashi ɗana?"

"Ba laifi ba ne, ƙauna ce. Amma duk halin da abin so ya biyo bayansa, ƙaruwa yake yi. Ƙarfafawa muke ce wa wannan. Cunkoso yake gudu, kuma ya gano naushi kaɗai ke fitar da shi daga ɗakin."

Ku duba fa abin tausayi. Ido ya kumbura, dangi su cika gida dubiya. Dangi su cika gida, yaro ya ƙara naushi. Mu da zumuncinmu! Tanimu ya koma bayan gareji ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi kuka sosai, don bai taɓa zaton hannunsa na cikin abin da ke cinye idon ɗansa ba. Shekara biyu ana neman dalili a wurin aljanu, Saude ta samo shi a cikin littafi.

Sai aiki ya koma hannun Murja, yarinya mai fara'a da saurin hannu. Ta ce tunda magana yake yi da naushi, a ba shi wata hanyar maganar da ta fi naushi sauƙi. Ta ɗauki hoton babur ɗin Tanimu, ta manna a kati kamar tafin hannu. Kullum da safe a cibiyar, sai ta sa mutum biyu ko uku su shigo ɗakin. Da ta ga yaron ya fara tsuke fuska, tun hannun bai tashi ba, sai ta kama shi ta ɗora a kan katin, ta sa ya miƙo mata. Nan take ƙofa ta buɗe, uban yana waje babur a kunne. Ko ƙiftawar ido ba ta yarda a jinkirta ba, don ta ce in lada ya makara, yaro ba zai san abin da ya jawo shi ba.

Wannan riƙon hannun shi suke kira tallafi, kuma gwanintar Murja a janye shi take. Da farko tafin hannunsa take kamawa, sai ta koma wuyan hannu, sai gwiwar hannu, sai ta ɗan taɓa kafaɗa kawai. Rana ta goma sha tara ta naɗe hannuwanta ta zuba ido. Nazifi ya dubi mutanen, ya dubi tebur, ya ɗauki katin da kansa ya miƙa. Guɗa ta taso wa Murja har maƙogwaro, ta haɗiye ta, don yaron ba ya son hayaniya. Mako guda cur bai taɓa idonsa a cibiyar ba.

To a nan suka yi kuskure irin na masu wannan sana'a. Sun ga shafi babu duka ko ɗaya, suka ɗauka an gama. Ashe duk karatun a ɗaki ɗaya aka yi shi, a tebur ɗaya, a hannun mace ɗaya. A gida aka rataya wa yaron katin a wuya kamar laya, ko kallonsa bai yi ba. A wurinsa kati abin Murja ne, a gida kuwa naushi ke aiki. Mako shida sun wuce cikin wata ukun likita, ido yana nan a kumbure.

Hansatu ce babbarsu a shekaru, ba ta da yawan magana, kuma in ta kafe ba mai ture ta. Ta ce karatun da bai fita daga aji ba bai zama karatu ba tukuna. Ta kwaso aikin ta kawo gida. Ta yi shi a ɗaki, ta yi a tsakar gida, ta yi a zaure, ta yi a gidan kakar yaron, Iya Dije. Ta koya wa Larai, uwar yaron, wadda ke ɗauke da tsohon ciki, karɓar kati. Ta hana 'yan dubiya shiga fiye da biyu a lokaci ɗaya.

Iya Dije ta ce, "Ke 'yar nan, a gidan ɗana za ki hana 'yan'uwa shiga?"

"Iya, ban hana ba, layi na sa su."

Ga Tanimu kuma ta kafa doka. In kati ya zo, babur nan take, ko da injin wani yana buɗe a gabansa. In naushi ya zo, a tare hannun a hankali, ba tsawa, ba babur. Ta ce, "Kuma ka shirya, abin zai ƙaru kafin ya ragu. Kai bakanike ne. Babur ɗin da ya saba tashi da kiki ɗaya, ran da ya ƙi, me kake yi?"

Ya ce, "In ƙara taka shi da ƙarfi."

"To haka ɗanka zai yi."

Haka kuwa aka yi. Rana ta huɗu, Juma'a, gwaggonnin yaron su biyar suka diro daga ƙauye ba sanarwa, suka afka ɗakin da sallama da salati. Nazifi ya ƙwalla ihu ya ɗaga hannu. Hansatu ta durƙusa ta rufe idon da tafinta, naushin yana sauka a bayan hannunta. Tanimu ya shigo da makullin babur a hannu. Iya Dije tana cewa, "Ɗauke shi mana, Tanimu! Kashe kansa zai yi kana kallo?"

Hansatu ba ta ɗaga murya ba. "Baban Nazifi, in ka tayar da babur yanzu, ka koya masa duka mai ƙarfi ne ke aiki. Tsaya."

Ya tsaya. Shi da bakinsa ya ce bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan tsayuwar ba. Ihun ya yi sama, ya yi sama, sai ya fara sauka. Yaron ya yi ajiyar zuciya, ya duba ƙirjinsa, ya cire katin daga wuya. Ya wuce Hansatu, ya wuce uwarsa, ya je ya sa shi a hannun ubansa mai baƙin mai. Tanimu ya sunkuce shi, suka zaga Funtuwa sau biyu, uban yana dariya yana hawaye, mutane suna kallonsa a hanya.

Daga ranar dukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Aka ƙara katin ruwa, aka ƙara na abinci. Da wata uku suka cika, likita ya haska idon, ya sake haskawa, ya ce, "Malam, ɗanka ya tsira da idonsa."

A makon nan Allah ya sauki Larai lafiya, ta haifi mace. Tanimu ya rantse sai ya yi wa wadda ta ceci idon Nazifi takwara. Babbar malamar ta ce a cire ta, ita a takarda ta yi nata aikin. Larai ta ce Saude, don da ba ta gano dalilin ba, da har yau hannun yaron ake ɗaurewa. Tanimu ya tuna ba don Murja ba, da ɗansa ba shi da abin da zai miƙa masa. Iya Dije, wadda ta fi kowa faɗa da Hansatu, ta ce ita ta ga hannun da ya sha naushi da idonta. Gobe da safe raɗin suna, an sayi rago, liman yana jiran a faɗa masa. Kuma kada wani mai wayo ya ce a jera wa jaririya suna uku, Tanimu ya ce ɗaya ya yi alkawari.

To, Saude, Murja ko Hansatu, wace ce a cikinsu ta fi cancanta a kira yarinyar nan da sunanta?