Kazar da Ba Ta Haye Rafi Ba

— Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan kunnen ƙashi.

— Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

To, a matso kusa da wuta. Ke Lantana, bar mintsinin ƙanenki, in ba haka ba yanzu na naɗe tabarmata.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye, ana ce mata Iya Tasalla. 'Yarta ɗaya ce tak a duniya, sunanta Hakama, tana aure a wani gari can ƙetaren rafi. Hakama kuwa wabi take yi, ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, har mutane suka daina yi mata barka da ƙarfi. Ana nan sai ta sake samun ciki, ciki ya tsufa.

A ƙasarsu kaka ba ta zuwa suna hannu rabbana. Kaza take kaiwa, a ce wannan ta jariri ce. Kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kaji su zama akuya, akuya ta zama saniya, yaro ya tashi da abinsa. Sai Tasalla ta duba cikin kajinta ta zaɓi wata wake-wake, mai ƙirji, mai tafiyar ƙasaita. Kullum sai ta ware mata tsaki, ta tono mata gara a bakin suri, tana ce mata, "Ci ki ƙoshi, ke ba tawa ba ce. Ta jikana ce."

Wake-wake ta ce, "Iya, in Allah ya raya shi, ni zan cika masa akurki."

Ran nan maƙwabcin Tasalla ya dawo daga cin kasuwa da wani zakara a rataye. Bai ware shi gefe ya ga kamun ludayinsa ba, sai ya kwance shi ya sake cikin kajin unguwa. Kajin unguwa kuwa kun san su, ba su san katanga ba. Kasko ɗaya suke shan ruwa, juji ɗaya suke tono. Ba a jima ba zakaran ya fara gyangyaɗi da rana tsaka, fukafukai a sake, majina a baki. Ya faɗi. Na kusa da shi suka faɗi. Kafin a ce kwabo, kowane gida ana fitar da mushen kaji ana jefarwa a juji.

To, akwai wani tsohon Muzuru a bayan garin. Haƙoransa sun zube saura kaɗan, ƙafarsa ɗaya ta sage, ko ɗan tsako ba ya iya kamawa. Da ya ga juji ya cika da nama, ba gudu ba tsalle, sai ya ce, "Ashe da rabon in yi ƙiba kafin in mutu." Ya ci, ya ci, ya ci. Amma da ya ga kajin garin sun kusa ƙarewa sai hankalinsa ya tashi. Ya zauna ya yi tunani irin na mugu, sannan ya je bayan dangar Tasalla ya yi sallama da murya mai taushi.

"Iya, sannu da wannan rashi. Saura nawa?"

"Saura Wake-wake, Muzuru. Ita kaɗai. In ta tafi, da wane ido zan dubi yarinyar nan?"

"Haba Iya, kina zaune? Ai annoba ta san gidanki. Tashi ki yi gaba, tana bayanki."

Dama haka matan ƙasar suke yi. In ciwo ya shiga akurki, sai a kwashi kajin da suka rage a kai ajiya gidan 'yan uwa, wai a gudar da su. Tasalla ba ta ga laifin shawarar ba. Ta sa Wake-wake a kwando, ta aza a ka, ta nufi ƙauyen ƙanwarta Dela. Muzuru ya bi ta cikin ciyawa yana ɗingishi.

Dela ta tare ta da murna. "Yaya, ai gidanki ne. Sake ta cikin nawa ta sha iska." Aka saki Wake-wake, ta sha a kaskonsu, ta kwana a akurkinsu. Ba a daɗe ba kajin Dela suka fara gyangyaɗi da rana tsaka, fukafukai a sake, majina a baki. Aka fitar, aka jefar a juji. Muzuru ya ci, ya ci, ya ci, ya lashe baki, ya zo bayan danga.

"Iya, kin gani ko? Ta biyo sawunki. Tashi ki yi gaba, tana bayanki."

Tasalla ta ce, "Wayyo ni, wace irin annoba ce wannan da ba ta gajiya?" Ta sa kaza a kwando, ta aza a ka, ta nufi ƙauyen aminiyarta Azumi.

Azumi na da kaji, mijinta Malam Cindo na da tattabaru cike da tukwane a jikin katanga. Aka yi mata shimfiɗa, aka saki kaza. Ba a daɗe ba, gyangyaɗi da rana tsaka, fukafukai a sake, majina a baki. Har tattabarun suka riƙa faɗowa daga katanga. Cindo kuwa mutum ne da ba ya son asara. Ya ce, "Maza a kawo wuƙa kafin su yi mushe." Ya yanka, ya fige da hannunsa, aka raba nama gida-gida, wai kada a yi biyu babu. Hanji da kawuna aka zubar a juji, kun san wanda ya samu. Bayan 'yan kwanaki Cindo ya kwanta, jiki kamar garwashi, tari har ƙirji na ƙara.

Ana cikin wannan sai ga ɗan aike daga ƙetare: Hakama ta sauka lafiya, namiji, jibi suna.

Tasalla ta yi guɗa, sannan ta tuna da mai gida a kwance ta kama bakinta. Muzuru ya leƙo ta ƙarƙashin danga. Muryarsa ta ɗan dushe, idanunsa na ruwa, amma kwaɗayi bai bar shi ya lura ba. Ya ji labarin garin ƙetare, kaji da zabi da agwagi kamar ƙasa.

"Iya, yanzu har mutane ta fara kamawa. Annoba ba ta iya ruwa ba. Haye rafi ki huta. Tashi ki yi gaba, tana bayanki."

Ranar suna da hantsi Tasalla ta iso bakin rafi. Daga nan ana jin dakan mata, ana jin kalangu, ana hango hayaƙin girki. Ta sauke kwando don ta tattare zanenta. Sai Wake-wake ta yi magana daga ciki, a hankali.

"Iya, in tambaye ki?"

"Tambayi, amma ki hanzarta, ana raɗa suna."

"Kafin mu je gidan Dela, akwai ciwo a can?"

"Babu."

"Kafin mu je gidan Azumi fa?"

"Babu."

"A garin nan da muke hange, akwai?"

Tasalla ta dubi garin. Ta saurara, ta ji zakaru na cara a ƙetare, wannan ya yi wancan ya amsa.

Wake-wake ta ce, "Iya, kullum kina waige, ba ki taɓa ganin kowa a bayanki ba sai Muzuru. Ba a bayanmu take ba. A kwandonki take. Ni na sha ruwa kasko ɗaya da zakaran nan. Jikina ya fi na sauran ƙarfi, shi ya sa na daɗe a tsaye, amma duk inda na sha na bar ta, duk inda na kwana na bar ta. Yau kuwa tun asuba nake jin barci."

Tasalla ta buɗe kwando. Fukafukan Wake-wake sun sauka. Ta dubi zanenta, duk kashin kaza. Ta dubi hannuwanta, hannuwan da za ta karɓi jariri da su. Ta tuna Cindo a kwance. Sai ta zauna a kan yashi ta fashe da kuka. Ta yi kukan kajin Dela, ta yi kukan tattabarun Cindo, ta yi kukan kanta, don ita da ƙafarta ta kai musu, tana murmushi, suna yi mata sannu da zuwa.

Can sai ga surukinta Nomau, mijin Hakama, ya zo tarenta. Ya durƙusa a wancan gefen ya gaishe ta, ya fara naɗe wando zai shigo ruwa ya ɗaukar mata kaya. Ku kun san kunyar suruki. Tasalla ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ko ido ba sa haɗawa. Ran nan ta miƙe ta daka masa tsawa.

"Tsaya nan, ɗan nan! Kada ka tako!"

Nomau ya ja da baya. "Iya, lafiya? Wani laifi muka yi?"

"Ba ku yi komai ba. Ciwo nake ɗauke da shi, ni da kazar nan. In na shigo, na shigo da shi."

"Iya, gida ya cika. Me za a ce in uwar mai jego ta zo bakin rafi ta ƙi shiga?"

"A ce abin da za a ce. Bakin mutane ba ya kashe jariri. Yarinyar nan ta binne ya isa, ba zan zama sanadin wani ba."

Nomau ya sunkuyar da kai, ya koma.

Kafin azahar Wake-wake ta cika. Muzuru ya fito daga ciyawa yana layi, ya ce, "Iya, ki jefa ta can gindin kalgo, kada ta dame ki da wari." Tasalla ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ashe kai ne mai rakiya. Allah ya isa tsakanina da kai." Ta sami itace ta haƙa rami nesa da ruwa, mai zurfi har gwiwa ta ɓace. Ta sa kazar, ta ƙone kwandon da tsohon zanen, ta zuba tokar a kai, ta mayar da ƙasa, ta danne da duwatsu. Muzuru ya yi ta yakushin duwatsun, ƙarfi babu. Abin da ya ci a jujin garuruwa uku ya riga ya ci shi. Washegari ta same shi a miƙe. Shi ma ta haƙa masa, ba don ƙauna ba, don kada ungulu ta ɗauki wani abu nasa ta haye da shi.

Amma bari in koma ranar sunan. Da la'asar sai ga Nomau ya dawo, ƙanwarsa na biye da shi da wani abu a rungume cikin farin zane. Suka tsaya a wancan gefen. Ƙanwar ta ɗaga abin sama. Rafin da faɗi, idon Tasalla kuma ya tsufa. Ba ta ga hanci ba, ba ta ga baki ba, farin zane kawai ta gani da wata 'yar ƙafa tana shure-shure.

Ta share hawaye ta ɗaga murya, "Angona! Ka yi haƙuri, amaryarka ta zo babu ko gashin kaza. Kai dai ka zauna. Ka ji ko? Ka zauna mana."

Ta kafa 'yar bukka a nan bakin rafi. Nomau kan kawo tuwo ya juye mata a ƙwaryarta da ta ajiye kan wani dutse a tsakiyar ruwa, sai ya koma sannan ta je ta ɗauka. Ita ma zazzaɓin ya taɓa ta, ta yi ta fama ita kaɗai, Allah ya sa da sauran kwana. Duk wanda ya zo wucewa ta tsayar da shi daga nesa ta ba shi saƙo zuwa ga Dela da Azumi: a binne mushe, a daina yanka mai ciwo, kada a kai ko ɗaya kasuwa, kada a kai ajiya gidan kowa. Cindo ya tashi da ƙyar. Kullum da asuba kuwa sai ta kasa kunne ƙetare, ta ji zakaru sun yi cara, sannan hankalinta ya kwanta.

Sai da wata ya mutu, wani ya tsaya ya yi girma, jikinta ya dawo sarai. Ta yi wanka da sabulu, ta sa sabon zanen da aka aiko mata, ta haye. Matan garin na leƙe ta kan katanga suna zunɗe, ga kakar da ta ƙi suna, ga ta kuma ba ko kwando. Tasalla ta shiga ɗakin 'yarta ta tsaya, ta rasa inda za ta sa hannuwanta don kunya.

Hakama ta ɗauko yaron, ya yi ɓul-ɓul har yana dariya. Ta ce, "Iya, gara da kika zo babu komai a hannu. Ungo, riƙe."

To kun ji. An ce zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ciwo ma ƙafar mutum yake ara. In ya shiga gida, dabba ko mutum, a tsaya wuri ɗaya, a kira masu magani su zo su same ku. Wata rana ƙin zuwan shi ne zumuncin.

Ƙurunƙus kan tsohon muzuru. Ku tashi ku wanke hannu, na ga wanda ya ɗauki ɗan tsako ɗazu.